Ranar da Na Faɗi Sunan 'Yar Farina

Akwai ranar da mutum ke mantawa da ita tun kafin ya yi sallar magariba, akwai kuma wadda za ta raka shi har bakin kabari. Tawa wata Alhamis ce, a zauren cin abinci na makarantar jikokina, nan gabashin London. Ko tsufa zai kwashe mini komai, ina jin ita ce za ta rage ta ƙarshe. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, don haka ku yi haƙuri da ni in na ɗan yi kwana kafin in iso.

Sai kun fara sanin wani abu guda. A garinmu, can ƙasar Kano, mace ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in wani ya yabe shi ma sai ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Kunya ce. Haka muka tarar, haka muka yi. 'Yata ta fari ana yaye ta kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta, ni kuwa tun ranar da aka raɗa mata suna ban taɓa buɗe baki na faɗe shi ba. In zan kira ta sai in ce, "Ke!" In ina ba wani labarinta sai in ce "waccan." Da ta haihu na samu sauƙi, ta koma "uwar yaran nan." Akwai wata mata mai irin sunanta da ke sayar mana da daddawa, shekara da shekaru muna ciniki, ban taɓa ce mata komai ba sai Mai Daddawa.

Ana nan, ana nan, maigidana Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa. Uwar yaran nan ta matsa sai na zo wurinta. Tana aiki a ɗakin karatu na unguwa, mijinta kuma aikinsa na tafiye-tafiye ne, ga yara biyu a firamare. To, na zo. Ni ce mai kai su da safe, ni ce mai ɗauko su da la'asar, ko ruwa ake ko ƙanƙara. Har makaranta ta sa sunana a takardarta a matsayin mai kula da su, don ba sa miƙa yaro ga wanda ba a rubuta ba.

A makarantar akwai kwamitin iyaye. Iyayen ne ke zaɓen junansu, su zauna da shugabar makaranta su faɗa mata abin da ke damun mutane. Da farko na ɗauka taron shan shayi ne. Sai na ga aikinsu da idona. Su ne suka yi ta naci har aka sa mai tsallakar da yara a bakin titin da motoci ke gudu kamar an koro su. Su ne suka sa aka kawo tafinta ranar ganawa da malamai, na zauna na ji da kunnena, da Hausa, cewa jikata ta fi kowa lissafi amma bakinta ba ya rufuwa. Na ce wannan gado ne, ba laifinta ba ne.

Kwatsam sai ga takarda daga kansil, wato ƙaramar hukumar yankinmu. Wai suna shawarar rushe kwamitocin iyaye na duk makarantun yankin, a kafa guda ɗaya babba wanda kansiloli za su naɗa mutanensa. Kansilolin kansu sun rabu biyu, masu mulki na so, 'yan adawa na ƙi. Aka ce kowace makaranta kwamitinta ya aiko da matsayinsa. Mu kuwa lokacin ya faɗo daidai da zaɓen sabon shugaban kwamiti. Kun ga ke nan duk wanda ya hau, bakinsa ne zai zama bakin makaranta.

Wayyo, siyasa! Na ɗauka na baro ta a gida, ashe ta riga ni sauka. Bakin ƙofar makaranta ya zama kamar kasuwa ranar ci. Iyayen da jiya suke raba lema ɗaya, yau kowa ya ja gefensa. Guruf ɗin waya ba ya barci. Kansiloli na zuwa da takardu suna rabawa, suna yi wa jarirai murmushi.

Mutum biyu suka fito. Na farko wani likita ne, Bahaushe ɗan uwanmu, mutumin kirki, ba zan ci amanarsa ba, shi ya duba mini gwiwata ba sau ɗaya ba. Shi yana bayan kansil. Hujjarsa ita ce kwamitin ya zama na masu lokaci da masu baki, uban da ke aikin dare ko uwar da ke goge-goge a ofisoshi ba sa taɓa samun zuwa, gara a naɗa masana su yi wa kowa adalci. Ta biyu kuwa uwar yaran nan ce. Ita cewa take wanda aka naɗa, fuskar wanda ya naɗa shi yake kallo, ba fuskar mai yaro ba. In kwamiti na da ciwo a yi masa magani, ba a binne shi da rai.

Ranar wata Juma'a muka je babban masallacin Regent's Park, ana idar da salla matar Likita ta tare ni wajen takalma.

"Hajiya, ina gajiya? Ai ke babba ce, ki ja wa 'yarki kunne. Me ya haɗa ta da rigimar kansil?"

Na ce, "Ni me na sani, 'yar nan? Ni da ko baƙi ban iya karantawa ba."

Ta tafi tana murna ta ɗauka ta samu tawa. Ni kuwa a cikin tube ɗin nan, jirgin ƙarƙashin ƙasa, daga can har gida, tsofaffi uku na juya wa ra'ayi.

Amma a gida, ko uffan. Uwar yaran nan takan tsaya a tsakiyar falo da takarda a hannu tana gwada jawabinta, ta yi da Turanci, ta juya mini da Hausa. Wallahi in tana magana tsigar jikina tashi take. Sai in tuna 'yar mitsitsiyar da na miƙa wa surukata a zane, yau ga ta tana shirin ja da kansil. Rannan ta gama, ta dube ni.

"Inna, ya kika ji?"

Na ce, "Ke, duba miyar can kada ta kama."

Ta naɗe takardar a hankali. "Inna, sau ɗaya dai a duniya ki ce na yi ƙoƙari. Sau ɗaya." Ta shige kicin. Na bi bayanta da ido, bakina cike da magana, amma ko ɗaya ba ta fito ba. Ta san al'adar, ba wai ba ta sani ba. Sai dai ta daɗe a ƙasar da uwa ke rungume ɗanta a bakin titi tana kiran sunansa da ƙarfi, kuma zuciya ba ta cin sani ta ƙoshi.

Ranar zaɓe ta zo. Bazara ce, rana na nan garau har bayan la'asar. Aka sa taron ƙarfe biyar. Na sa lufayata mai ruwan toka, na fesa turare, muka tafi tare da maƙwabciyarmu, wata 'yar Jos, Kirista, direbar bas ce, irin jar nan mai hawa biyu. Mace ce mai murya, in ta yi dariya a ƙasa ana ji a hawa na huɗu. Ita ce tafintata a ranar, ita ce kuma za ta gabatar da uwar yaran nan, don ita ma tana da yaro a makarantar.

Ga yadda dokarsu take. Kafin a sa sunan mutum a takardar ƙuri'a, sai wani ya miƙe ya gabatar da shi, sannan wani na biyu ya miƙe ya mara masa baya. Dukansu biyu sai sunansu na cikin rajistar makaranta, kuma sai an gama wannan kafin biyar da kwata. In lokaci ya wuce, an rufe. Ta biyun tamu wata ƙawar uwar yaran nan ce, sun yi alkawari tun da sati.

Muna shiga na ga abin da ya tsinka mini zuciya. Gefen Likita cike maƙil, da kwat da manyan riguna, har da kansila guda a gaba ya harɗe ƙafa. Gefenmu kuwa kujeru ne ke kallon kujeru. Sai tsofaffi 'yan uwana su shida da suka zo kallo, ba mai suna a rajista a cikinsu. Uwar yaran nan tana ta danna waya.

"Inna, an tsayar da jirgin ƙasa na District line. Duk mutanenmu suna hanya daga aiki, an yi cancel ɗin jirage biyu. Sun ce sai wajen biyar da rabi."

Shugabar makaranta, wata Baturiya doguwa mai furfura, ta buga tebur. Aka gabatar da Likita, mutum biyu suka miƙe tsaf tsaf, aka tafa. Aka zo kanmu. 'Yar Jos ta miƙe ta faɗi sunan da muryar da take kiran fasinja, har gilashin taga ya amsa. Shugaba ta ce, to, wa zai mara baya?

Ba wanda ya miƙe.

Muka juya muna neman ƙawar. Tana nan fa, a layi na uku, amma a gefen Likita. Ta sunkuyar da kai tana wasa da zoben hannunta. Daga baya muka ji mijinta abokin Likita ne tun suna ɗalibai, ya ce mata in ta miƙe ta kunyata shi. Ban riƙe ta a zuciya ba. Amma a lokacin, da ido na kashe mutum da ta faɗi.

'Yar Jos ta dafa ni tana raɗa, "Mama, saura minti huɗu. In ba wanda ya tashi, Likita ya ci ba hamayya." Can sai ta zabura ta matse mini hannu. "Mama! Ke fa? Ai sunanki na rajista!"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Gwiwar da ke hana ni hawa bene, ranar ko tunawa da ita ban yi ba. Ni zaɓen da na fi ganewa a rayuwata shi ne wanda muka taɓa yi a gida, na layi, kowa ya je ya tsaya a bayan wanda yake so a ƙirga kawuna. Ba takarda, ba magana. Na ce alhamdu lillahi, ga hanya. Na taka har gaban zauren inda 'yan takara ke tsaye, na zagaya na tsaya ƙyam a bayan uwar yaran nan, na naɗe hannu.

Tsofaffin nan shida da suka ga haka, ai sai suka ɗauka an fara zaɓe. Suka tashi da jakunkunansu da sandunansu, ɗaya bayan ɗaya, suka jeru a bayana. Ta ƙarshensu har tana cewa, "Ku matsa gaba mana, a ƙirga da ni!" Zaure ya kece da dariya. Turawa na tambayar juna me ke faruwa. 'Yar Jos ta riƙe ciki tana bayani, hawaye na zubo mata. Shugaba ta duba rajista ta ga sunana, ta yi murmushi, ta ɗauki biro za ta rubuta.

Sai Likita ya ɗaga hannu.

Ya yi magana da Turanci cikin natsuwa, sannan ya juyo gare ni ya maimaita da Hausa, har da ɗan rusunawa. "Hajiya, ki gafarce ni, ba raini ba ne. Amma doka ta ce mai mara baya sai ya faɗi sunan ɗan takara da bakinsa, kowa ya ji. Tsayuwa a baya ba ta cikin doka."

Jama'a, da ɗan gari akan ci gari. A duk zauren nan, Baturiya ba ta sani ba, kansila bai sani ba, amma shi ya sani. Ya san 'yar fari ce. Ya san uwarsa ma ba za ta yi ba. Ya ɗauko kunyata ya gina mini katanga da ita, yana tsaye yana jira.

Shugaba ta karanta takardar dokar ta gyaɗa kai. Ta ce mini, ta bakin 'yar Jos, abu ne mai sauƙi, sunan 'yarki kawai za ki faɗa. Mai sauƙi! Ta duba agogo. Saura minti biyu.

Tsohuwar da ke bayana ta ja mini lufaya. "Hajiya, kul. A gaban maza? A gaban surukan gari? Ki bari, Allah ya ba ta wani rabon." Wata ta ce, "A faɗa mata a kunne mana, ita Baturiyar." Likita ya girgiza kai, kowa ya ji, in ji doka.

Na ji kamar uwata da kakata da duk matan gidanmu da suka riga mu gidan gaskiya sun zagaye ni suna kallo. Shekara arba'in da 'yan kai ina riƙe da sunan nan a ƙarƙashin harshe kamar goro, ban tauna ba, ban tofar ba.

Sai uwar yaran nan ta juyo. Ban manta fuskarta ba. Ba ta roƙe ni ba. Da ta roƙa ma da ya fi mini sauƙi. Murmushi ta yi, irin na wanda ya riga ya haƙura, ta ce a hankali, "Inna, bar shi. Na sani. Je ki zauna, ƙafarki."

Ita ce ke lallashina. Wata uku tana wahala, ga shi za a ƙwace a gabanta saboda ni, kuma ita ce ke tuna mini ƙafata. Nan wani abu ya tsinke a ƙirjina. Na ce a raina, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na matsa na fito daga bayanta na tsaya a gefenta, na yi bisimilla.

Na faɗa.

Da farko muryar ta fito kamar ta ɗan tsako. Likita ya kai hannu kunne. To, sai na cika ƙirji na sake faɗa, da sunanta da na ubanta, yadda liman ya faɗa ranar suna, har na bayan zaure suka juyo. Kuma da bakin ya buɗe sai ya ƙi rufuwa. Na ce, "'Yata ce, ni na haife ta, ita ce ta fari! Tun tana ƙarama ba ta ƙarya, ba ta cin amana, in ta riƙe abu ba ta saki. Na mara mata baya, yau da gobe da jibi!"

'Yar Jos ba ta ko tsaya fassarawa ba, ta rangaɗa guɗa irin ta mutanen tsauni. Tsofaffina suka kama salati, ɗaya ta toshe baki tana cewa, "Ta faɗa! Wallahi ta faɗa!" Wadda ta ja mini lufaya ita ce ta fara share hawaye. Turawan da ba su ji ko kalma ɗaya ba suka miƙe suna tafi, don sun ga fuskar yarinyar. Ita kuwa ta tsaya kamar an dasa ta, hannu biyu a baki. Shugaba ta rubuta sunan, ta ɗaga agogo ta nuna wa kowa. Saura rabin minti.

Ana cikin jawabai sai ƙofa ta buɗe, mutanenmu suka fara shigowa da gudu, wasu da rigar aiki, wasu da gumi sharkaf, sun sauka sun hau bas, wasu ma da ƙafa suka ƙaraso. 'Yan Somaliya, 'yan Ghana na zango, Turawa, Indiyawa. Kowa ya shigo sai a raɗa masa abin da ya faru, sai ya leƙo yana nemana. Uwar yaran nan ta ajiye takardar da ta yi wata uku tana gwadawa, ta yi magana daga ka. Ban ji Turancin ba, amma na ga kansila ya sauke ƙafarsa.

Aka raba takardun ƙuri'a. 'Yar Jos ta nuna mini akwatin da zan yi alama, na danna biro har ya kusa huda takardar. Da aka ƙirga, ta ci. Ba da rata mai yawa ba, don mutanen Likita ma ba kaɗan ba ne, amma ta ci. Ni da ban taɓa rawa a gaban suruki ba, ranar sai da na ɗan taka.

Likita ya zo har inda nake ya durƙusa. "Hajiya, na ɗauko sanda kin karɓe kin doke ni da ita. Wallahi na rantse ba za ki iya ba."

Na ce, "Ni ma na rantse, ɗan nan. Tashi, Allah ya yi maka albarka. Amma ranar Litinin ina nan zuwa da gwiwata, kada ka rama a kanta."

Ya yi dariya har da tafa hannu. Kuma ku ji, ba a watsar da maganarsa ba. Abu na farko da sabuwar shugaba ta yi shi ne mayar da rabin tarurruka ranar Asabar saboda masu aikin dare, ta kuma jawo shi cikin kwamitin. Makarantarmu ta aika wa kansil cewa ba ta yarda ba, wasu makarantun ma haka, daga ƙarshe maganar rushewa ta mutu.

A hanyar gida yara na gaba suna tsalle, ni da uwar yaran nan muna baya. Muka yi nisa. Sai ta saƙalo hannunta a nawa, a bakin titi, mutane na wucewa. Ban janye ba.

"Inna, ashe kin san sunana?"

"Ke, tafi can."

"Don Allah sake faɗa. Ba kowa, daga ni sai ke."

"An gaya miki kullum ake sallar idi? Wuce mu je, ban ɗora tuwo ba."

Ta yi dariya tana share ido. Ba ta sake roƙo ba, ni ma ban sake faɗa ba sai ranar da ta kama, kuma yanzu takan kama fiye da da.

Har gobe ina ganin girman kunya, kuma ba zan ce iyayenmu sun yi kuskure ba, don sun san abin da suke tsarewa. Amma ranar na gane cewa an yi kunya ne don ta ƙara wa ɗanka daraja a idon mutane. Duk ranar da ta zama ita ce za ta kayar da shi, to, ajiye ta shi ne cika alkawarinta. Kuma ku masu 'ya'ya, abin alherin da kuke gani a jikinsu, ku faɗa musu da bakinku tun kunnensu na ji, tun harshenku na motsi. Ba kowa Allah ke ara wa rabin minti ba.